Matar da ke Bayan Tankin Ruwa

Damilu, Jimeta
9 ga Maris, 2024

'Yata Edith,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya a can Indiya, karatu kuma yana tafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Binuwai ya janye har yashi ya fito a ƙarƙashin gada. Matata Becky ta yi fama da haƙori, an cire shi ranar Talata, yanzu da gefe ɗaya take cin tuwo.

Saƙonki ya same ni ta hannun Hamajoɗa, abokina mai shagon kwamfuta a Bekaji, shi ke buɗe mini imel. Na karanta sau uku. Ban taɓa ganinki ba, amma kin yi daidai da kika kira ni Kawu, domin kakana da kakan mahaifiyarki Fibi uwa ɗaya uba ɗaya suke a Guyuk. Ina ɗan shekara shida aka kai ta aure Michika. Abin da na riƙe nata shi ne wata rana ta goya ni ta ƙetare rafi. Ina tuna ƙeyarta da ƙanshin man da ke gashinta. Fuskar ce ban riƙe ba, kuma na yi ƙoƙari.

Abin da aka faɗa miki gaskiya ne. A 2014, lokacin da mutanen Michika da Madagali suka gudo suka cika filin cocinmu, kwamiti ya ara mini kyamara saboda ni akawu ne a ɗakin ajiye fayil, wai na san tsari. Kowa ya tsaya jikin bangon makarantar Lahadi, in ɗauke shi, in rubuta suna da lambar hoto. Mako tara na yi. Hotuna dubu uku da ɗari shida da arba'in ne, suna nan cikin wani tsohon faifan ajiya da nake naɗewa a tawul.

Kin ce gidanku ya ƙone da duk hotunan da ke ciki kina makaranta a Jos, ƙanenki Zadok ya ɓace a hanya, kuma har yau ba ki sani ba ko mahaifiyarki ta iso Yola, sai dai wata mata da ta ce kamar ta gan ta a Damilu. Na bi rajista layi-layi sau biyu, babu sunanta. Amma kada wannan ya karya miki zuciya. Da yawa sun ba da sunan da ba nasu ba saboda tsoro, ni kuma ko ta tsaya gabana ba zan gane ta ba. Sai idonki.

Matsalar ita ce nauyi. Hamajoɗa ya ce duka sun kai giga ashirin da biyar. Mun gwada tura goma, muka wuni a kai, na bakwai yana hanya aka ɗauke wuta. Na yi lissafi, a haka sai mu shekara. Ke da kika karanci abin, ki faɗa mini yadda za a yi. Ki rubuta dalla-dalla, da lamba, don ni ba na amincewa da kaina a kan abin da ban taɓa yi ba.

Kawunki,
Philemon

*

Bangalore
12 ga Maris, 2024

Kawu Philemon,

Na gode, na gode. Ina lafiya, sai ɗan mura da yajin abincinsu da har yanzu cikina bai saba ba. Ka gaishe da Anti Becky, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba sai kun shekara ba. Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne ƙanana, miliyoyi, sun fi abin da ido ke buƙata don gane mutum. Akwai manhaja da za ta zubar da yawancinsu, hoton ya koma ƙarami mara nauyi, kuma za ta yi wa dukansu a lokaci ɗaya. Na tura wa Malam Hamajoɗa inda zai sauke ta. Ga matakan da lamba, yadda ka ce.

Ɗaya, ka kwafe foldar hotunan gaba ɗaya zuwa kwamfutarsa, ka yi aikin a kan kwafin. Biyu, ya buɗe maka baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, ya shiga foldar. Uku, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

magick mogrify -resize 800x800 -quality 70 *.jpg

Tauraron nan yana nufin kowane hoto da ke ciki. Lamba 800 ita ce iyakar faɗi da tsawo. Huɗu, ka danna babban maɓalli na dama, ka jira. Ba zai ce maka komai ba, kada ka ɗauka ya lalace. Idan ya gama, ku ɗaure su kashi huɗu ku turo.

Kawu, abin da ban faɗa maka ba shi ne na fara manta fuskarta. Nakan gan ta a mafarki tana tankaɗe, ina ganin hannuwa, ina ganin rariya, in na ɗaga ido sai haske kawai. Ina so in same ta kafin sauran ma su tafi.

'Yarka,
Edith

*

Damilu, Jimeta
19 ga Maris, 2024

'Yata Edith,

Ina gaisuwa. Yaya murar? Ki riƙa shan citta. Becky ta warke, har ta koma yi mini faɗa da baki duka biyu.

Aiki ya yiwu. Na kwafe umarninki a takarda da manyan baƙaƙe, na karanta wa Hamajoɗa shi kuma yana bin allo da yatsa. Ya ce ko takardar sallamar gwamna ba a yi mata wannan bincike ba. Na ce a fara gwadawa da hoto biyar. Suka fito lafiya, na ce a ƙara gwadawa da ashirin. Sai ya miƙe ya ce zai je sallar azahar, in ya dawo ya tarar ina gwaji zai caje ni kuɗin kujera.

Da ya fita na danna. Kamar yadda kika ce, bai ce komai ba. Wani ɗan farin layi ne kawai yake ƙiftawa a baƙin allon. Na buɗe foldar a gefe, sai na ga ƙananan hotunan suna motsi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan ɓace ya dawo. Edith, ban san yadda zan faɗa miki ba. Ji na yi kamar layin mutanen nan na filin coci ne ya sake tsayuwa. Ga tsohuwar da ta zo da tukunya a ka ta ƙi saukewa. Ga tagwayen da aka ɗauka tare don ɗaya ba ya tsayawa sai da ɗaya. Ga malamin makaranta da ya gyara wuyan riga ko da yake ba takalmi a ƙafarsa. Kowa ya matso, ya ƙifta, ya wuce. Fankar shagon tana juyawa, masu keke suna wucewa a titi, ni kuwa ina jin warin hayaƙin itace na filin coci, har na duba hannuna ko kyamarar tana nan. Minti arba'in da uku ya ɗauka, na rubuta. Da ya gama bai yi sallama ba, ya dai sauko layi na gaba yana jira.

Giga ashirin da biyar sun koma ƙasa da rabin giga ɗaya. Na tambayi Hamajoɗa ina sauran suka tafi. Ya ce, "Bappa Philemon, inda zafin shayi yake tafiya." Na buɗe hoto talatin ina dubawa, ban ga abin da ya ragu ba. Fuska tana nan, ido yana nan.

Mun turo kashi huɗun, ki tabbatar sun iso. Washegari na koma na kammala nawa ɓangaren, don abin da ke wurina ya yi daidai da abin da ke wurinki, kamar yadda ƙa'idar aiki ta ce. Ki duba a hankali, kada ki hana kanki barci.

Kawunki,
Philemon

*

Bangalore
24 ga Afrilu, 2024

Kawu,

Ka yafe mini shirun. Lafiyata ƙalau, jarrabawa ce ta tsare ni, kuma ban iya duba fiye da ɗari a rana ba. Wasu ranakun ma ashirin nake yi in rufe. Ina fata kuna lafiya kai da Anti.

Na bi fuskokin duka, ba ta cikinsu. Na yi kwana biyu ban taɓa kwamfutar ba. Sai na ce bari in sake bi, wannan karon ba na kallon wanda ya tsaya a gaba, sai abin da ke bayansa.

Kawu, ka buɗe lamba 2317. Wani tsoho ne da hula da ta yi masa kaɗan. Ka bar shi, ka dubi ƙarshen bango ta dama, inda baƙin tankin ruwa yake. Akwai mace a tsaye, rabin jikinta a bayan tankin, da koren zane. Tsayuwar Mama ce. Haka take jingina nauyinta a ƙafa ɗaya tun da ta faɗi a gona. Koren zanen nan na ƙungiyar mata masu zumunta ta cocinmu ne, ni na kai shi wurin tela. Hannunta na hagu yana kusa da fuskarta, ban sani ba ko kuka take yi ko gumi take sharewa.

A wannan ƙaramin, kanta duka bai fi ƙwayar gero ba. In na ƙara girma sai ya watse ya zama murabba'i-murabba'i masu ruwan ƙasa. Amma a babban na asali ɗigon da ke wurin sun ninka haka sau da yawa, fuskar za ta fito. Shi ya sa na ce a yi aiki a kan kwafi. Ka je wurin Malam Hamajoɗa da faifanka, ka turo mini 2317 shi kaɗai, yadda yake, ko da zai wuni.

Ina jira.

Edith

*

Damilu, Jimeta
8 ga Mayu, 2024

'Yata Edith,

Ina gaisuwa. Muna lafiya a jiki. An yi ruwan farko ranar Lahadi. Wannan ce takarda ta biyar da na fara, huɗun na yaga.

Babban hoton babu shi. Ni na ɓata shi, da hannuna.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Shekara goma sha tara nake ɗakin fayil. Abu na farko da aka koya mini shi ne, abin da ya rage a fayil dole ya zama daidai da abin da ya fita. Idan aka gyara ko waƙafi a takardar da aka aika, sai ka koma ka gyara na ajiya, in ba haka ba wata rana za a yi gardama a rasa mai gaskiya. Da muka turo miki, na kwana ina jin akwai abin da ban gama ba. Naki ƙanana, nawa manya. In kika ce mini lamba kaza, ba abu ɗaya muke kallo ba. Da safe na koma shagon, Hamajoɗa ya tafi ɗaurin aure cikin Yola ya bar mini makulli. Na jona faifan, na shiga foldar asali, na rubuta umarnin nan. Ban yi kuskuren ko harafi ɗaya ba. Har daɗi na ji da na iya ni kaɗai. Bayan haka na goge na kwamfutarsa ma ban bar masa tarkace ba.

Ban san cewa sabon yana kwanciya ne a kan tsohon ya shafe shi ba. Na ɗauka ɗigon da aka zubar suna nan wani wuri a ajiye, kamar yadda muke ɗaure tsofaffin fayil mu kai sito. Na ma faɗa miki a wasiƙata, cikin alfahari, ban san abin da nake faɗa ba.

Hamajoɗa ya yi kwana uku yana neman abin da za a ceto. Ya kira wani a Kano. Sun samo hotuna goma sha ɗaya, rabinsu toka-toka, babu naki a ciki. Katin kyamarar kuwa kullum da yamma nake share shi a wancan lokacin, mai ita ma ya bar gari. Hamajoɗa bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, wannan ya fi damuna.

Kowace rana ina buɗe 2317 in zauna. Idan na matsa baya na lumshe ido kaɗan, sai in ga kamar fuska za ta haɗu, kamar mutum na tahowa daga ƙarƙashin ruwa. In na matso sai ta tarwatse. Shekara goma na riƙe fuskar mahaifiyarki a cikin tawul ban sani ba, na zo na zubar da ita cikin minti arba'in.

Ban san ko ya dace in roƙi gafara tun yanzu ba. Ina roƙo duk da haka.

Philemon

*

Damilu, Jimeta
21 ga Yuni, 2024

'Yata Edith,

Ina gaisuwa, ina fata kina lafiya. Mako shida ke nan da na rubuto miki ban ji daga gare ki ba, kuma ban ga laifinki ba. Ruwa ya zauna sosai, Binuwai ya rufe yashin nan. Becky tana gaishe ki. Ita ce ma dalilin wannan wasiƙa.

Tun ina aji biyu na sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littattafan makaranta. Suna nan cike da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Becky ta gaji da ganina gaban hoton nan, ta ce mutumin da ke rubuta har ranar da ya sayi igiyar takalmi, a ce bai rubuta ranar ba? Ni ban yi tunanin haka ba, don suna nake nema, kuma na san babu suna. Amma a lokacin nakan rubuta lambar hoton farko da ta ƙarshe na kowace rana. Na sauko da akwatin. Lamba 2317 ta faɗa ranar Alhamis, 23 ga Oktoba. Zan kwafe miki yadda yake, ban gyara komai ba.

"Daga 2268 zuwa 2341. Batir ya mutu sau biyu. Wake bai isa ba. Wani tsoho daga Madagali ya ce ba a ɗaukar dattijo kai a buɗe, sai na ara masa hulata. Ta tsaya masa a tsakar ka kamar murfin buta, ya kuma ƙame kamar soja. Duk layi aka yi dariya, karo na farko da na ji dariya a filin nan. Wadda ta fi kowa ita ce matar da ke wanke kwanuka wajen tanki, mai koren zane, tana rufe baki da bayan hannu har da hawaye. Na ce ta zo ta shiga layi, kwananta uku ba a rubuta ta ba. Ta ce a'a, ba za a ɗauke ta ita kaɗai ba, an ce an ga ɗanta wajen Gombi, gobe za ta je ta zo da shi a ɗauke su tare. Na ce kyamarar tana ba ni wahala, wasu suna fitowa dishi-dishi. Ta ce, 'Kada ka damu, ɗana. Ina da 'ya a Jos tana karatun kwamfuta. Ko yaya ya fito, ita za ta gane ni.' Ta wanke mini kofina ba tare da na roƙa ba."

Na washegari gajere ne. "Daga 2342 zuwa 2400. Mai koren zane ta tafi da safe a motar masu gawayi. Ban tambayi sunanta ba. Ya kamata in tambaya."

Na bi sauran littafin har ƙarshen Nuwamba, ban sake ambatonta ba.

Edith, ba zan ce miki tabbas ita ce ba, ke za ki faɗa. Amma in ita ce, to ta iso Yola da ƙafarta, ta kwana uku a Damilu, ta ci abinci, tana da ƙarfin wanke kwanuka. Kuma hannun nan da kika gani, ba kuka take yi ba.

Tun da na karanta nake ƙoƙarin tuna ta. Jiya da rana na kishingiɗa a ƙarƙashin mangwaro, tsakanin barci da farke, sai na ga tankin, na ga ruwa yana zuba a kofina, na ga ƙeyar mace ta sunkuya. Ƙeyar nan ce ta rafin Guyuk. Ban sani ba ko tunawa na yi ko haɗawa na yi. Ta kira ni ɗanta, ni kuma ƙanenta ne, babu wanda ya sani a cikinmu.

Kawunki,
Philemon

*

Bangalore
25 ga Yuni, 2024

Kawu Philemon,

Ina lafiya. Ka gaishe da Anti Becky, ka ce mata na gode. Ka gaishe da Malam Hamajoɗa.

Ita ce. Haƙorinta ɗaya na gaba ya karye tun ina ƙarama, shi ya sa ba ta dariya sai da bayan hannu a baki. Mu kan tsokane ta a kai ni da Zadok.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Daga baya na koma kan wasiƙata ta farko. Na ba ka matakai huɗu da lamba, ban faɗa maka dalilin ko ɗaya ba. Layi ɗaya ya isa, ban rubuta shi ba. Ka kuma faɗa mini abin da ka yi tun a Maris, na karanta na wuce ina sauri in buɗe hotuna. Mu bar shi a nan, Kawu. Ba don kai ba, ko ƙwayar geron nan ba ni da ita.

A makonnin da na yi shiru na gwada manhajojin da ke ƙara wa hoto haske da girma. Ɗaya ta ba ni fuska sarai, kyakkyawar mace da haƙora cikakku, wadda ban taɓa gani ba. Na goge. Na buga hoton yadda yake, da tsohon da hularka da komai, na manna a bangon ɗakina. Daga bakin ƙofa, in na shigo, tana nan tana dariya. Ba na matsawa kusa.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka kai littafin nan shagon Malam Hamajoɗa, ya ɗauki shafin ranar Alhamis da na Juma'a, da rubutun hannunka, da tabon da ke jikin takardar in akwai. Ka turo mini yadda ya fito daga na'ura. Kada ka rage masa komai, ko da zai kwana uku a hanya.

'Yarka,
Edith